Ki Ba Ta Nono Ko a Gaban Wa

Fatakwal, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Saudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yau shekara huɗu da wata bakwai ke nan rabona da Zurmi, tun ranar da na bar gonata ta wajen Gurbin Bore dawa ta fara fidda kai, na hau motar shanu na yo kudu. Ina gaishe ki, ina gaida Innarki, ina gaida amaryata Hafsatu wadda ban taɓa gani ba sai a hoton waya, ta ƙanƙance ido kamar na ci mata bashi. Barkanku da gama wanka lafiya. Allah ya raya ta bisa imani, ya tsare ku da tsarewarsa.

Ba labari zan ba ki ba, don nan babu shi. Ƙofar wani nake buɗewa ina rufewa, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na ji an sa ranar komawarki ɗakinki a Suleja, kuma surukinki Alhaji Mamman ne zai raka ki, tunda mijinki Mustafa bai samu barin wurin aikinsa ba. Tafiyar yini guda cur a mota, cikin bazara, da jaririya 'yar wata uku, da uban miji a kujerar gaba. Tun da na ji haka abinci ya daina shiga mini.

Kin tuna ranar da muka yi waya na ce, “Yaya Hafsatu, tana shan nono sosai?” Kika yi dariya kika ce, “Kai, Baba!” kika miƙa wa Innarki wayar. Ita kuma ta ce, “To mi kaka so ta ce maka? Ɗiyar fari ce hwa. Ai ko sunanta ba ta taɓa kamawa ba, ko kallonta ba ta yi in da mutane.” Tana faɗa tana jin daɗi, ta yi tarbiyya ta kama. Ni kuwa da na kashe wayar sai da na nemi wuri na zauna.

Kin san an yi wani kafin ke. An ce miki ya koma tun yana jariri, kwanansa ne ya ƙare. Gaskiya ne, kwanansa ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma ba a gaya miki a ina ya ƙare ba, kuma Innarki ba za ta taɓa gaya miki ba. A mota ya ƙare, Saudatu, ina zaune kusa da shi.

Lokacin ina dako a wani wurin gurzar auduga a Funtuwa. Innarki ta je wanka gidansu a Shinkafi, na zo ɗaukarta. Kakanki Malam Bawa ya ce zai bi mu, yana son a duba masa ido a can, shi ya kuma sa ranar tafiya. Ana gobe za mu tashi, bayan la'asar, Innarki ta same ni bayan ɗaki, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, “Yaron ga cikinshi na gudu tun safe.” Na ce, “An ba shi jiƙo?” Ta ce an ba shi. Na ce, “To shi ke nan. Baba ya riga ya sa rana.” Iyakar abin da na ce ke nan. Na ji nauyin in je in ce wa ubana a ɗaga tafiya saboda ɗana, kada a ce yaro ya yi ɗan fari ya rasa inda zai sa kansa.

Don haka ki fara da wannan. Saura kwana biyu tafiya ki kai Hafsatu asibiti a duba ta, ko da kina ganin lafiyarta lau. In jikinta da zafi, ko tana gudawa, ko ta rage kama nono, babu tafiya, ko wa ya sa ranar. Suleja ba ta gudu. Kuma kada ki yarda a ɗura mata jiƙo ko ruwa wai don hanya, nononki ya ishe ta ci da sha. Akwai wani abin da na ga mata na yi yanzu, a ba yaro maganin mura mai sa barci don kada ya dami fasinja. Duk wadda ta miƙo miki shi, ki yi mata godiya ki mayar mata da abinta. Yaron da aka sa wa barci ba ya iya gaya miki yana jin ƙishi.

Ranar tafiyar na ce da asuba za mu bar Shinkafi. Ba mu bar ta ba sai da rana ta take. Sallama ce ta cinye mu: gidan wannan gwaggo, gidan waccan inna, ko'ina sai an zauna an sha fura an sa albarka. Ga kayan gara, buhun gero, tulun man shanu, daddawa, kwanuka. Ni duk hankalina yana kansu. Har yau in na rufe ido ina ganin kaina, duk inda motar ta tsaya sai na sauka na ja igiyar buhun nan na ji ko ta saki. Sau huɗu na duba igiya a ranar. Ɗana ban buɗe fuskarsa ba ko sau ɗaya.

Ki gama sallamarki tun jajibiri. Wanda bai samu ganinki ba ya yi haƙuri, akwai waya. Kayan gara kuma a ba motar kaya su biyo ki daga baya, kada a cusa miki buhu ƙarƙashin ƙafa. Abin da zai zauna a jikinki jaka ɗaya ce: ƙunzugu da yawa, fiye da yadda kike zato, riguna marasa nauyi uku ko huɗu, leda ta zuba masu datti, tsumma mai tsabta, katin asibitinta, da ruwan shanki ke. Ki sha ruwa sosai ko da kina tsoron fitsari ya matse ki a hanya, don abin da kika sha shi take sha. Kunu a filas ya fi miki duk abin da za a miƙo ta taga.

Sai maganar sutura. Kakanki ya sayo wa yaron kayan saƙa na ulu tun ranar suna, riga da wando da hula da safa, shuɗi da fari. Tsofaffin gidan suka ce ai dole a sa masa su, mai kyautar ya gani a jikinsa. Aka sa. Aka naɗe shi da tawul, Innarki ta lulluɓe shi da mayafinta don kada idon mutane. Muna shiga motar wata tsohuwa ta leƙo ta ce a ja gilashi, kada iska ta shigi jariri. Ni na ja shi da hannuna. A watan da kwalta ke narkewa ke nan, mu manya gumi na bin bayanmu har ƙugu.

Na san Hafsatu ma an tara mata irin waɗannan, kuma na san wanda ya saya zai so ya gani. A sa mata a ɗauki hoto, a cire. A mota riga ɗaya mara nauyi ta isa. Ki riƙa sa hannu a bayan wuyanta, in kin ji ya jiƙe ki rage mata kaya. Ki bar gilashi a ɗan buɗe. Kada ki rufe ta ruf da hijabi sai lokacin da take sha, shi ma ki bar mata inda iska za ta shiga, ki kuma riƙa leƙa fuskarta.

Yanzu ga abin da na ɗauki biro dominsa.

Ƙaramar bas ce, kakanki na gaba kusa da direba, mu muna layin da ke bayansa, ƙeyarsa na gaban idon Innarki. Kafin mu kai Kaura yaron ya fara kuka. Ya yi ta yi. Innarki na jijjiga shi cikin mayafi, kanta a sunkuye. Akwai wata mata 'yar kasuwa a bayanmu, mai kai tabarmi Gusau, ta taɓa kafaɗarta ta ce, “Ke ɗiyar nan, ba shi nono mana! Kukan ƙishi na wanga.” Innarki ba ta motsa ba. Matar ta juyo kaina. “Kai ne uban? Ka zamna awa an dasa ka, ka ce ta ba shi!” Ni kuwa na yi murmushi na rage murya na ce, “Hajiya, ɗan fari ne. Ga kuma surukinta nan gaba.” Wani dattijo a gefe ya ce, “Madalla da ɗiyar mutunci, irinsu sun yi wuya yanzu.” Motar ta ɗauka da yabo. Matar ta ja tsaki ta ce, “Mutuncin banza. Ku dai kuka sani.” Haushinta na ji a lokacin. Na ce a raina ga fitsararriyar tsohuwa mai shiga abin da ba ruwanta. Ban san sunanta ba, amma shekara talatin ke nan ina sa ta a addu'a. Ita kaɗai ce mai hankali a motar nan.

A Gusau aka tsaya salla. Na bi kakanki masallaci, na riƙe masa buta, muka ci tuwo a rumfa. Innarki ta zauna cikin motar da ke tsaye a rana, don babu wanda ya ce mata ta sauko. Daga baya ta gaya mini a nan ta ba shi, ya kama ya saki, ya kama ya saki, ba ƙarfin ja. Ta so ta faɗa mini, ta ga tare muka dawo da Baba, ta yi shiru.

Bayan mun wuce Tsafe kukan ya tsaya. Ki ji abin da ubanki ya ce: na ce alhamdu lillahi, ya samu barci. Har na ji daɗi fasinja sun huta da mu.

Saudatu, jaririn da ya yi ta kuka cikin zafi sannan ya yi tsit, kada ki ce barci ne sai kin duba. Ki tashe ta. Ki taɓa maɗigarta, in ta faɗa ciki alama ce. Ki duba bakinta ko ya bushe, ki duba ƙunzugu, in an daɗe bai jiƙe ba alama ce. In ta yi laushi, ko ta ƙi kama nono, ki buɗe baki ki ce wa direba asibiti mafi kusa, da ƙarfi, yadda na bayan mota zai ji. In ya yi gardama ki sauka a garin farko. Kuɗin motar ya tafi.

Mu sai a tashar Funtuwa Innarki ta yaye mayafin. Ba zan rubuta miki abin da na gani ba. Muka ruga asibiti, suka yi iyakar ƙoƙarinsu, ban ga laifinsu ba. Wata ma'aikaciya ta tambaye mu, “Rabonsa da nono yaushe?” Na dubi Innarki, ta dubi ƙasa. Washegari da hantsi muka kai shi makwancinsa, a garin da ba mu da kowa.

Sunansa Usman. Kwana sittin da takwas ya yi a duniya ban kira sunan nan ba ko sau ɗaya, wai kunya. Yau ne farkon da na rubuta shi.

Ba na so ki ɗora wa Innarki. Abin da aka koya mata ta yi, kuma an yaba mata a kai har cikin motar. Ni ne namiji, ni ke kusa da ita, kalma ɗaya tawa ta isa. Kakanki ma kada ki riƙe shi. Da ya ji yadda aka yi, ya kira ni ya ce, “Garba, ni na ce kada a ba shi? Da kun faɗa mani, wallahi da na sauka na bi ku da ƙafa.” Ya yi kuka, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Bai nemi kunyar nan ba. Mu muka yi masa ita, bai ma san ana yi ba, yana gaba yana jan carbi.

Ban ce ki watsar da kunya ba. Kada ki kira sunan Hafsatu in ba ki so, ki ce “yarinyar” har ta yi aure, bai dame ni ba. Ki durƙusa ki gaida surukinki, ki sauke murya gabansa, duk daidai ne. Amma nono ba ya cikin wannan. Ki ba ta kafin ku bar gida, ki ba ta a tasha kafin mota ta cika, ki ba ta mota na tafiya duk lokacin da ta motsa baki, kada ki jira sai ta yi kuka. Ko gaban wa.

Don kada ki ce Baba na nesa yana faɗin abin da ba shi zai yi ba, na riga na kira Alhaji Mamman. Da na fara sai ya ce, “Malam Garba, yanzu daga Fatakwal za ka koya mani riƙon jika? Goma sha ɗaya gare ni, kai wagga ta fari ce ka ruɗe haka!” Na ce, “Alhaji, saurara dai.” Na ba shi labarin nan kamar yadda na ba ki, shi ne mutum na farko da na taɓa ba. Ya saurare ni har na gama. Can ya ce, “Inna lillahi. To ka gaya mata ni gaba zan zamna, wuyana kuma ya daɗe da sanƙarewa, ba ni waiwaya. In ko hakan bai yi mata ba, a buɗe but a saka ni tare da kaya.” Mutumin kirki ne, ko da yake bakinsa ba ya hutawa. Shi ya sauke nasa. Saura ke.

Hanyar kuma ba irin ta zamaninmu ba ce, kin fi ni sani. Mu zafi kawai muke tsoro. Yanzu daga Zurmi zuwa Kaura sai an tambayi hanya kamar yadda ake tambayar farashin gero, wai yau ta yi kyau ko ba ta yi ba. Mutanen da suka kore ni daga gonata su ke da daji, waɗanda aka ɗora wa tsaronmu kuma sai lokacin neman ƙuri'a suke gane hanyar garinmu. Ban ce duka ba. Yaran da ke tsaye a shinge cikin rana su ma 'ya'yan wasu ne, kuma sun binne 'yan'uwansu a kan hanyar nan. Amma dai ga ni nan ina gadin gidan wani, jikata za ta ratsa daji ban iya raka ta ko zuwa tasha ba.

Abin da wannan ke nufi gare ki shi ne direba ba zai tsaya miki tsakanin gari da gari ba, kuma kada ki nemi ya tsaya. Duk abin da za ki yi mata, a cinyarki za ki yi, mota na gudu. Kada ku shiga motar farko da ke fita da duku-duku, ku bari sai motocin Kaura sun fara isowa an ji bakin direbobinsu. In la'asar ta yi ba ku wuce Kaduna ba, ku kwana nan wajen 'yan'uwan Alhaji, kada ku yarda da direban da zai ce saura kaɗan. Ki sa takalmin da ba ya fita a ƙafa, majanyinki kuma ya zauna ɗaure a ƙugunki, ba cikin jaka ba. In Allah ya kiyaye aka ce a sauka a gudu, Hafsatu kawai za ki ɗauka.

Kada ki zauna gaba da ita ko an ce can ya fi sarari, kada kuma ki shiga mota tana goye a bayanki. Matar maigidana tana da wata kujera ta jarirai mai ɗamara da ake ɗaurewa a bayan mota. Na tambayi kuɗinta, da aka faɗa mini sai na yi dariya na koma bakin ƙofata. Wannan ba tamu ba ce. Abin da za mu iya shi ne kada a matse ku. Kin san 'yan kamasho, mutum huɗu suke cusawa inda aka yi don uku, in sun ga mai jariri su ce ai ba ya cin wuri. Ki biya kujera biyu, ki tsaya a kai, ko sun yi miki surutu. Da safe in kun nufi Gusau rana na gefen direba, ki zauna dama. Bayan azahar in kun miƙi hanyar Kaduna ta koma dama, ki matsa. Mai kujera ɗaya ba ta da wurin matsawa.

Takardar nan kada ki karanta wa Innarki. Ki dai bar ta ta ga kina ba Hafsatu nono a tsakar gida gaban mutane tun kafin ranar, don bakinki da hannunki su saba. In ta yi miki faɗa ki ce ni na sa ki. Ina jin ba za ta ƙara magana ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya rufe idon mugu daga motarku, ya sanyaya muku rana, ya ba direbanku natsuwa. Allah ya sa Hafsatu ta yi ta kuka har Suleja ta ishi kowa. Duk garin da kuka shiga ki turo mini saƙo ko kalma ɗaya ce, wayata na hannuna. Ki gaida Mustafa in kin isa, ki ce na ba shi amana biyu. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini rashin ganina a ranar sunan ɗiyarki.

Wassalam. Naki,
Babanki Garba.

Sani direban motar shanu da zai kawo miki takardar nan zai ba ki ƙulli. Abin da na iya ajiyewa ke nan tun zuwana, bayan na cefanen da nake turo wa gida: naira dubu arba'in da bakwai da ɗari uku. Na so in zo da su Babbar Salla. Yadda Sani ya faɗa mini farashi, sun isa kujera ta biyu daga Zurmi zuwa Gusau, da ta biyu daga Gusau zuwa Suleja, da kwana ɗaya a hanya in ta kama. Akwai farin yadi mara nauyi guda biyu, da mafici ɗaya. Ɗari ukun na cire na sayi ambulan.